Injin da Ba Ya Tari

"Ɗaga ka ji," in ji tsohon mai sayar da injuna.

Mai walda ya sunkuya ya ɗaga injin, ko nishi bai yi ba. Ya daɗe yana ƙera ƙaramin jirgin sama a bayan gidansa, amma duk injin da ya ɗora sai ya rinjayi hancin jirgin. Wannan kuwa ba nauyi, ga shi fes kamar sabo.

"Baba, ba ya mutuwa a sama?"

"Ko tari ba ya yi."

Tsoho ya ja igiya, injin ya tashi da wata siririyar ƙara mai shiga haƙori. Karen shagon ya miƙe, ya matse wutsiya, ya fice.

"Da ɗana ne kai, wancan mai nauyin zan ba ka," in ji tsoho, yana nuna wani injin a gefe.

"Haba Baba, tashi zan yi, ba noma ba!"

Tsoho bai yi dariya ba. Ya taya shi ɗora injin a bayan mota, suka ɗaure tam.

Har mai walda ya tayar da mota, sai ya leƙo ta taga. "Idan bai yi min ba, zan iya dawo da shi?"

Tsoho ya matso kusa da tagar.

"Ba wanda ya taɓa dawo da shi da kansa, yaro. Matansu ne suke kawo min shi."