Mintin Inna Tabawa

Tun da aka rufe zauren Majalisar Ƙasa aka kafa allon magana a kowace mazaɓa, minti guda ake ba mai ƙuri'a a shekara ya yi wa wakilinsa magana. Inna Tabawa ta adana nata har ranar da za a yanke hukunci kan dokar ƙwace fadamar garinsu, inda take noman albasa.

A layi, maƙwabciyarta Ladidi ta ja mata mayafi. "Yaya, don Allah kada ki gaishe shi. Kina shiga ki ce fadama."

"In tsaya gaban babban mutum ba gaisuwa? To, sallama kawai zan yi."

Ta shiga ɗakin allon ta durƙusa. Fuskar Onarabul Sanda ta bayyana a allon, sumul, kamar ranar da suka zaɓe shi.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe."

"Wa'alaikumus salam, Inna Tabawa. Ina kwana? Ina gajiya? Ya gwiwar nan taki?"

Bakinta ya riƙa amsawa da kansa: lafiya lau, ba gajiya, da sauƙi.

"Ya maigida, Malam Buba?"

Malam Buba ya daɗe a kabari. "Ranka ya daɗe, dama fadamarmu ce..."

"Madalla, Majalisa ta ji ki." Mintin ya cika, allon ya mutu.

A waje lasifika na shelar an zartar da dokar, babu wanda ya ƙi daga mazaɓarsu.

"Kin faɗa masa?" in ji Ladidi.

Inna Tabawa ta sunkuya tana kakkaɓe gwiwarta. "Ya dai tambayi Malam."