Hayaƙin Ɗakin Iya

Ta zaro matatar daga cikin na'urar awon iska ta duba. Fara sol ta saka ta, ga shi ta fito baƙa ƙirin, tana maiƙo kamar gindin tukunya. Abin da ya manne a matatar nan, shi ne yake sauka a ƙirjin Iya, tsohuwar da ke kwance a katifa tana kallon ta.

Mai Awo, kamar yadda mutanen unguwa suka laƙaba mata, ma'aikaciya ce a wata cibiya da gwamnati ta ɗauki nauyin bincikenta kan iskar da mutane ke shaƙa a ɗakunansu. Ta shiga gidaje iri-iri, na masu girki da gawayi a ɗaka da na masu bangon da danshi ya cinye. Amma ba ta taɓa cin karo da irin ɗakin Iya ba.

Ɗakin a jikin bayan wani katafaren gida yake, ƙofarsa tana kallon lungu. Taga ɗaya gare shi, kuma daidai saitinta bututun wani ƙaton janareta ya leƙo yana feso hayaƙi. Labule ya dafe, ruwan randa ya yi bauri, hatta carbin Iya warin gas yake. Farfesa, shugaban binciken, shi da kansa ya yi mata kwatancen wurin, ya ce ta riƙa bi ta lungu don kada ta takura wa masu gidan.

Iya ba ta ƙorafi. In tari ya sake ta, sai ta hau labarin ɗanta: babban mutum ne, aiki ne ya yi masa yawa, amma kullum yana aiko maigadi da abinci. Ta ce bara war haka lafiyarta lau, har wanki take yi da kanta. Mai Awo takan gyaɗa kai kawai, a ranta tana tsine wa ɗan da zai bar uwarsa a wannan kurkuku.

Ta kai wa Farfesa sakamakon a ofishinsa mai sanyi da ƙamshi. Yana dubawa fuskarsa ta washe. Ya ce wannan ɗaki shi kaɗai ya isa ya sa gwamnati ta tsawaita binciken. Bai tambaya ko wace ce matar ba, sai dai ya ce a yanke fuskarta daga hoton da za a nuna a taro.

Ta roƙe shi a nema wa tsohuwar wani ɗaki, ko a yi wa mai janaretan magana.

"Ki bari a gama awon tukuna," ya ce. "In aka taɓa wani abu yanzu, aikin ya lalace."

Ta juya ta fita.

Da ta koma canza matata, ta tarar Iya a zaune tana haki, tana ƙoƙarin ɓoye wani tsumma a ƙarƙashin cinyarta. Mai Awo ta karɓa ta buɗe. Jini ne.

"Kada ki ɗaga hankalinki, 'yar nan," in ji Iya. "Kada kuma ki ɗaga na kowa."

Mai Awo ta ajiye jakarta, ta fita lungu, ta zagaya zuwa babbar ƙofar gidan da aka hana ta bi. Ta yi ta dukan ƙarfen har maigadi ya leƙo. Ya ce maigida yana wurin aiki.

Ta ce to ya gaya masa hayaƙinsa yana kashe baiwar Allah a baya, kuma juya bututu ɗaya ba zai gagari mai irin wannan gida ba.

Maigadi ya waiga ciki, sannan ya sassauta murya.

"Hajiya, ai da can titi bututun yake kallo. Farfesa ne ya sa aka juya shi tagar mahaifiyarsa, satin da za ku fara awon nan."