Hodar Jarumin Shekara

Saura minti goma a fara bikin ba da kyautar Jarumin Shekara, mai kwalliya tana shafa wa wani jarumin fim hoda a ɗakin bayan dandamali. Shekara uku ke nan yana shiga takara, bai taɓa ci ba.

Ya kalle ta ta madubi. "Me Baba ya ce kan maganarmu?"

Hannunta ya tsaya. "Cewa ya yi, wanda sana'arsa ce gaya wa mata yana son su, yaya za a gane ranar da ya faɗi gaskiya?"

Duk iya zancen nan nasa na fim ya gudu. Da ƙyar ya ce, "Ni dai aurenki nake so."

Ta ƙura wa goshinsa ido. Fim tara ta yi masa kwalliya, yana furta wannan magana ƙarƙashin fitilu masu zafi, ko ɗigon gumi babu. Yau ga hodar ta jiƙe sharkaf.

"Ka ɓata mini aiki," ta ce, tana danne murmushi. "Ko ka ci ko ba ka ci ba, gobe ka zo gida. Kada ka shafa komai, Baba ya gani da idonsa."