Marsandi a Tafoki

Ranar da na shiga Tafoki da Marsandina, ko mutum ɗaya bai ce mani Allah ya sanya alheri ba.

Shekara bakwai ina zuwa aiki Funtua a motar haya, mu huɗu a baya, gwiwar wani a haƙarƙarina. Da dillali ya nuna mani ita, tsohuwa ce amma tana sheƙi, ga kujerun fata, ga sanyi, kuma araha kamar tsintuwa. Ban tsaya tambayar dalili ba.

Baba ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsaya a gabana.

"Kai, da hankalinka kuwa? Kafin la'asar labari ya kai daji cewa gidan nan an yi kuɗi. In 'yan bindiga suka ɗauke ka, gonar wa zan sayar?"

Kwana uku na yi ina musu. A na huɗu na sa filaya na fizge tauraron gabanta. Na goge fentin da yashi, na lotsa ƙofa da taɓarya, na ɗaure buhun dusa a samanta. Gilashi ma Baba ya hana ni rufewa, wai mai kuɗi ne ke rufe gilashi. Na'urar sanyin lafiyarta lau, ni kuwa kullum sharkaf da zufa nake isa ofis.

Jiya Baba ya dube ta, ƙura har kan kujerun fatar, ya gyaɗa kai.

"Yauwa, yanzu ka yi mota. Allah ya sanya alheri."