Lallen Goggo Laraba

Tun da aka kawo sabuwar na'urar zaɓe mai rina yatsan mai jefa ƙuri'a, launin yatsa ke tona asirin mutum: kore ga masu son a raba jihar, shuɗi ga waɗanda suka ƙi. Ranar da sakamako ya fito kusan kankankan, matasa suka tare hanyar kasuwa suna duba hannaye, suna farautar masu shuɗi.

Goggo Laraba mai ƙunshi ta zaro hannun mijinta, Malam Tanimu, daga aljihu. Shuɗi ne. Nata kuwa kore. Nan take ta kwaɓa baƙin lalle ta lulluɓe masa yatsun.

"Haba Laraba, namiji da lalle?"

"Malam, in sun tambaya, ka ce ango ne kai."

"Amaryar fa?"

Ta shafa ragowar a nata hannun. "Bari ya kama, mu je cefane tare."