Ganyen Inabi

Wata mata ta buga wata ƙaramar bindiga a kan teburin aikina har kayan zanena suka watse.

"Kai ka yi wannan?"

Ni na yi. Duk Ferlach, garinmu na maƙeran bindiga, babu mai fitar da zanen ganyen inabi a azurfa kamar ni. Hunturu guda na ƙarar a kan mariƙin bindigar nan, na kuma zana sunanta a jikin ƙarfen, don mijinta ya ce kyauta zai yi mata.

"Goge sunana. Yanzu."

Raina ya ɓaci. "Baiwar Allah, zane a ƙarfe ba rubutun alli ba ne! Wane irin butulci ne wannan? Mijin nan naki ya yi ta dawo mini da bindigar, wai ganyen bai fito sosai ba, in ƙara masa tudu. Duk don ke!"

"Don ni kam," ta ce. "Ai kuwa ya fito."

Ta janye gashinta gefe. A kuncinta, cikin baƙin shatin dukan da aka yi mata da mariƙin bindigar, ga ganyena nan kwance, har da ƙananan jijiyoyin da na fi alfahari da su.