Sarauniyar da Aka Ƙi Ci

Da gangan ya tura sarauniyarsa bakin dokin tsohon, ya janye hannu yana jiran a cinye ta.

Tun a waya budurwarsa ta ja masa kunne: "Baba ba ya yarda da mutum sai sun buga ces, darar nan ta Turawa. Don Allah ka bari ya cinye ka." Shi da yake koyar da wasan a makaranta, yau ga shi yana tafka duk kuskuren da yake hana ɗalibansa. Ya fito da sarauniya tun wasa bai yi nisa ba, ya ture sojojin da ke kare sarkinsa, ya bar dawakai a gida suna barci.

Tsohon ya gyara tabarau, ya ƙura wa sarauniyar ido, sai ya kau da kai, ya buɗe wa nasa sarkin ƙofa.

Saurayin ya sake miƙa ta, aka sake ƙi, har shayinsu ya huce.

"Baba," ya ce a hankali, "sarauniyata fa tana bakin dokinku."

"Na gani, ɗana, ai ba makaho ba ne ni." Tsohon ya waiga wajen kicin, ya rage murya. "Kai ma ce maka ta yi ka faɗi?"

Dariya ta kuɓuce wa budurwar a bayan labule.

Tsohon ya soma jera 'ya'yan wasan daga farko. "Gyara zama. Tunda ta riga ta cinye mu duka, bari in ga ko ka iya."